Mun Jira Ruwa Ya Janye

Wani ƙaramin abu ne ya tono mini wannan zance. Jikana mai karatu a Gusau ya zo hutu, kuma tun da ya zo ban ga fuskarsa sosai ba, tsakiyar kansa kawai nake gani, domin kullum yana sunkuye kan waya. Rannan da hantsi muna zaune a rumfar ƙofar gida sai na ji ya ja tsaki, ya bugi cinya. Na tambaye shi ko rasuwa aka yi. Ya ce a'a, ƙwallo ce. Wai gurbi ɗaya ya rage a babbar gasar duniya, shi ne aka ɗauko wata ƙasa daga wannan nahiya, wata daga waccan, aka ce su kara, wadda ta ci ta shiga, wadda aka ci ta koma gida ta jira wasu shekaru. Na ce to a gidan wa ake bugawa? Ya ce, "Ba gidan kowa ba na, tsoho. Wata ƙasa daban anka kai su, su buga sau guda a gama." Na ƙura masa ido har sai da ya ɗago kai ya dube ni, abin da bai yi ba tun zuwansa.

Bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, cewa wannan tsohon da yake tsokana ya taɓa tsayawa a raga a irin wannan wasa. Namu bai shiga rediyo ba, amma shi ma gurbi ɗaya ne, kuma mutanen nahiya biyu ne suka nema.

Garinmu na asali yana bakin gulbi a ƙasar Maradun. Ba zan ce yana nan ba, domin in ka je yau ba abin da za ka gani sai ruwa. Ni dai a kunnena yake zaune har gobe. Da sassafe sautin taɓarya ke fara tashi daga gida zuwa gida, sai kukan shanun Fulani suna gangarawa mashaya, sai muryar masu kwalekwale suna kiran wanda zai ƙetare. Kafin yaro ya ga koko sai ya ɗebo ruwa, ya yanko wa akuya ciyawa, in lokacin shinkafa ne kuma ya wuce fadama korar tsuntsaye har maƙogwaronsa ya bushe. Ba mu ɗauki wannan wahala ba, domin ba mu san akwai wata rayuwa ba. Gulbin nan kuwa mun san halinsa kamar yadda mutum ya san halin matarsa. Damina na nisa zai cika ya batse, ya hau fadama, ya kwanta a kanta. In aka yi girbi sai ya tattara ya koma makwancinsa, ya bar mana laka baƙa mai laushi wadda ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. Tsofaffi ba su duba wata don sanin lokacin dashen albasa ko dankali, bakin ruwa suke dubawa. Yanzu kuwa manomi sai ya je ya tambayi wani mai riƙe da makullin madatsa ranar da za a sako masa ruwa.

Tsakanin gari da fadama akwai wani shimfiɗaɗɗen wuri, nan ne filin ƙwallonmu. Kowace shekara ruwa yakan rufe shi zuwa gwiwa, in ya janye ya bar shi sumul, ba tsakuwa ba ƙaya. Ba mu taɓa sa fartanya mun gyara shi ba, gulbi ke yi mana sharar. Sandunan raga na azara ne, manyan yayyenmu suka kafa su, kuma ba su taɓa damuwa da jiƙewa ba. Ƙwallonmu ta farko mafitsarar bijimi ce, a hura ta a ɗaure, a naɗe da tsumma. Wanda ke samo mana ita abokina ne Lawali, domin ubansa, Baba Nomau, mahauci ne, yana yanka a kasuwarmu ya kuma bi kasuwannin Maradun da Talata Mafara. Baba Nomau yakan miƙo mafitsarar yana harararmu, ya ce bai taɓa ganin sana'ar da mutum zai yi ta gudu yana zufa ya dawo gida hannu wofi ba. Duk da haka bai taɓa hana mu ba.

Lawali shi ne gwanin ƙwallon garinmu. Siriri ne, ƙafafunsa kamar na zalɓe, amma in ya ɗauko ƙwallo sai ka rantse da zare ya ɗaure ta a yatsa. Ni kuwa an sa ni raga ne saboda tsawo da rashin gudu, kuma ban taɓa musun wannan ba.

Muna samari aikin madatsar Bakolori ya zo. Ba mu taɓa jin ƙara irin wannan ba. Katafila tana tunkuɗa ƙasa, tifofi suna kai da kawowa, jiniya tana kiran ma'aikata da safe ta sallame su da yamma. Kusan duk saurayin da ke da ƙarfi a garuruwanmu, har da na Kaya da Damaga, ya shiga leburanci. Mun ɗauki siminti, mun zuba kankare, mun koyi sa hular kwano. Masu aikin Turawa ne daga ƙetaren teku, suna da barikinsu mai wutar lantarki da famfo. An zo garinmu ma an shafa jan fenti a jikin tsamiyar kasuwa, can sama inda hannu ba ya kaiwa, aka ce nan ruwa zai kawo, kuma wata rana za a tashe mu. Mun ji, mun kuma yarda cewa ruwa na iya kaiwa can in ya yi fushi. Abin da bai shiga kanmu ba shi ne ruwa ya zo ya zauna.

Turawan nan mayun ƙwallo ne. Da an tashi aiki sai su fito da gajerun wanduna su yi ta bugawa a filin bariki, suna ihu da yarensu, suna ɗaga hannuwa sama kamar masu addu'a. Babbansu a wasa wani mai gyaran injuna ne, ƙaton mutum mai jan gemu, shi ya sa muka sa masa Jan Gemu, kuma yana amsawa. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, aka ce za a yi gasa ta ma'aikatan manyan ayyuka a Sakkwato bayan kaka, kuma an ba aikin madatsa gurbi ɗaya. To ga ƙungiya biyu, tasu da tamu ta leburori. Aka yanke cewa a kara sau biyu, ɗaya a gidansu, ɗaya a namu, wanda ya fi yawan ci shi ke tafiya. Yawancinmu ba mu taɓa taka Sakkwato ba. Lawali ya daina cin abinci sosai don murna, yana cewa in ya buga a can sau ɗaya, ko bai sake taɓa ƙwallo ba ya gode Allah.

Wasan farko a barikinsu aka yi, ranar da ba aiki, bayan la'asar. Filinsu jar ƙasa ce da aka daddaɓe da inji, cike da tsakuwa, su da takalma masu haƙora, mu rabinmu ƙafa tsirara. Sun zura mini biyu. Ta farko ban ma gan ta ba, iskarta kawai na ji ta wuce kunnena. Amma dab da tashi Lawali ya yanke mutum uku, ya yi kamar zai buga dama ya tura hagu, ƙwallo ta kwanta a raga. Leburori suka ɓarke da sowa har alƙalin wasa ya yi ta busa usur ba mai jin sa. Aka tashi biyu da ɗaya. Ba wanda ya yi baƙin ciki a cikinmu, domin kowa ya san saura na gida, kuma a filinmu mun san inda ƙwallo ke tsalle da inda take kwanciya.

Abin da ya biyo baya shi ya ɗaure mu. Bayan wasa Jan Gemu ya ja mu zuwa ɗakin cin abincinsu, aka zaunar da mu kan kujeru, da ƙurarmu da zufarmu. Aka kawo taliya, wadda a lokacin ba mu san ta ba, muna ta kokawa da ita da cokali mai yatsu tana zamewa, aka kawo naman kaza da kuku Musulmi ya yanka, da lemon kwalba mai sanyin da ke sa haƙori tsami. Su da kansu suke zuba mana. Da muka koma gida muka ba da labari a zauren Baba Nomau, bai tambayi ko nawa aka ci ba.

"Sun ba ku abinci?" ya ce.

"Sun ba mu, Baba."

"Kun ci?"

"Mun ci har mun bari."

Ya jinjina kai. "To kun ɗauko muna aiki. Ranar da za su zaka, ba su barin garin ga da yunwa, in dai ina numfashi."

Washegari ya tafi kasuwa ya dawo da rago fari mai baƙin wuya, ya ɗaure a turken tsakar gida, ya ce na baƙi ne. Mutumin da ke cewa ƙwallo aikin banza ce, shi ne ya riƙa tambayar Turawa nawa za su zo, ko suna cin yaji, ko a yi musu balangu ko tsire. Mata suka fara tanadin gero na fura. Har ya ce zai sa a kai masa buzu gindin tsamiya ya ga abin da ɗansa ke yi wa wannan gudun.

Sai ruwa ya sauka, kuma shekarar nan gulbi ya hau da wuri. Kafin ranar wasa ta zo, fili ya shafe, sandunan raga na tsaye cikin ruwa. Bai dame mu ba ko kaɗan, mun saba. Muka aika bariki cewa a dakata sai ruwa ya janye, tunda gasar ma sai bayan kaka.

Ba a jima ba sai ga motar Jan Gemu a garinmu, tare da tafintansa, wani mutumin Bakura mai suna Bawa. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo, lafiyar gida, lafiyar aiki, ya ruwa, ya gajiya, Baturen yana ta gyaɗa kai yana murmushi bai san inda aka nufa ba. Sannan Jan Gemu ya yi magana, Bawa ya juya mana da Hausa.

"Baba, ya ce a zo a buga wasan ga yanzu. In ba ku son hilinsu, a tai hilin makaranta a Talata Mahwara, ba nasu ba na, ba naku ba na. Ya ce su za su kawo mota."

Baba Nomau ya dubi Lawali. Lawali ya ce, "Mun je gidansu. Su ma su zo namu. A hilinmu ba mai cin mu."

Baturen ya sake magana, wannan karon da hannuwa, yana haɗa tafukansa kamar mai rufe ƙyaure. Bawa ya ce, "Ya ce ruwan ga ba irin wanda kunka sani ba na. An ruhe ƙohwar madatsa. Ba shi komawa."

Tsofaffin da ke zauren suka yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa baƙon da bai san gari ba. Baba Nomau ya ce, "Ka gaya mai mun gode. Amma tun kakana na da rai gulbin ga ka hawa, kuma tun sannan yaka komawa. In anka yanke dawa ba ka ganin ko ɗigo a wurin nan. Kuma baƙo a gida aka tarbon shi. Ban taɓa jin inda mutum yay yanka ma baƙo rago a gidan aro ba."

Bawa bai juya wannan nan take ba. Ya sunkuyar da kai, ya rage murya, ya ce, "Baba, wagga ba maganar Bature ba ta, tawa ta. Mu can Bakura bana ruwa bai hau hwadama ba. Shinkahwa na nan tana ƙonewa. Ruwanmu na kuka gani nan tsaye."

Sai wani dattijo ya ce Allah shi kyauta, wataƙila jinkiri ne, ruwan zai iso musu. Aka ce amin. Mu samari muka gyaɗa kai, domin abin da muke so mu ji ke nan. Jan Gemu ya tashi, aka kai shi tsakar gida aka nuna masa ragonsa. Ya shafa wuyan ragon, ya daɗe yana dubansa, bai yi dariya ba.

Daga nan muka shiga jira. Kowace safiya kafin mu tafi aiki ni da Lawali sai mun gangara bakin ruwa mun dubi sandunan raga. Da su muke awo. Ruwa ya wuce inda ya saba tsayawa, ya kai ƙugun sanda, ya ci gaba. Muka ce damina ce mai ƙarfi. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, sama ta ɗauke. Muka ce yanzu ne zai fara sauka. Aka yanke dawa, aka ɗaure dammuna, aka kai rumbu. Ruwa na nan inda yake, saura kaɗan ya taɓa sandar sama, belbelu sun mai da ita wurin hutawa. Bai da igiya, bai da ƙara, ba irin ruwan gulbin da muka sani mai tafiya yana magana ba. Masu dashen albasa suka tsaya da irinsu a hannu ba inda za su soka. A lokacin ne na fara ganin tsoro a idon tsofaffi, kuma ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan ba.

Lokacin gasa ya yi. Tunda su suka ci wasan farko, aka ba Turawa gurbin. Jan Gemu ya aiko Bawa takanas ya ce Lawali ya zo ya shiga cikinsu, za su ba shi riga da takalma, ya buga a Sakkwato. Na roƙe shi ya je, har na yi masa faɗa. Ya ce, "In na bi su, na yarda an gama ke nan. Ba a gama ba, saura na gida." Motarsu ta tafi ba shi. Ko sun ci ko an ci su a can, wallahi ban riƙe ba.

Kafin wata damina aka kwashe mu zuwa sabon mazauni a kan tudu, wuri mai duwatsu, gidaje a jere kamar haƙoran mataji, maƙwabcinka na da yana can wani layi. Abubuwan da suka biyo baya a rikicin diyyar gonaki masu nauyi ne, kowa a ƙasar nan ya san su, ba zan haɗa su da zancen ƙwallo ba. Ragon nan kuwa da shi aka hau mota. Sallah ta zo Baba Nomau ya ƙi yanka shi, ya sayi wani. Aka taya bai sayar ba. Turawa suka gama aikinsu suka koma ƙasarsu ba mu yi sallama ba, shi dai yana cewa na baƙi ne. Tsohon bai daɗe a kan tudun ba, mutum ne da ya saba jin gulbi a bayan ɗakinsa. Da ya rasu, ragon aka yanka wa masu zuwa gaisuwa. Na ci naman don kada a ce ban ci ba.

Ba na ɗora wa kowa laifi. Baba Nomau gaskiyar da ya gada ya faɗa, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba sai wannan karon. Abin da ke ci mini rai shi ne an kawo mana mota har ƙofar gida, an ce mu je mu buga, muka ce sai mun karɓi baƙi yadda ya kamata. Yaran yanzu za su ce wauta ce, kuma wataƙila sun yi daidai. Su ai ko biki a ɗakin haya suke yi, a ba baƙo abinci a roba ya tafi da shi. Amma ina so su sani cewa mutanen da suka yi wannan wautar ba su iya cin abincin mutum su kwana lafiya ba su rama ba.

Lawali bai sake buga ƙwallo ba. Ya gaji ubansa a fawa, ya yi iyali, ya tsufa, ƙafafun zalɓen nan suka koma sai da sanda. Shekarar da zai rasu ya ce in raka shi bakin madatsa. Muka sami wani masunci, yaro ne a kanmu, Lawali ya ce ya shiga da mu ruwa a kwalekwalensa. Yana ta duban duwatsun da ke gefe yana nuna hanya, a yi dama, a ɗan ƙara gaba, har ya ɗaga hannu ya ce a tsaya.

"Nan na tsakiyar hili," ya ce. "Ragarka na can."

Masuncin ya dube mu kamar waɗanda suka zautu. Lawali ya karɓi gorar tuƙi daga hannunsa, doguwa ce ƙwarai, ya zura ta cikin ruwa a hankali har hannunsa ya nutse zuwa kafaɗa. Ba ta taɓa ƙasa ba. Ya zaro ta, ya miƙa wa mai ita, ya ce mu koma.

Duk wannan na ba jikana labari a rumfar nan, kuma ya saurara, wayar tana kife a cinyarsa. Da na gama ya ce, "To da kun je hilin makarantar, kuna ganin da kun ci?" Na ce ban sani ba, mai yiwuwa da sun ƙara mini biyu. Amma da Lawali ya buga, da Baba Nomau ya gani, da an yanka ragon nan ana dariya.